Littafin Farawa da Shaidar Duwatsu: Matsayin Kiristoci a Kan Juyin Halitta

A cikin watan Oktoba na shekarar 1666, wasu masunta suka kama wani ƙasurgumin kifin shak a gaɓar tekun Italiya, kusa da garin Libono. Da labari ya kai kunnen sarkin Fulorans, Ferdinando na Biyu, sai ya ba da umarni a yanke kan kifin a kai wa wani matashin likita ɗan ƙasar Danmak da ke zaune a ƙarƙashin inuwarsa, mai suna Niels Stensen, wanda aka fi sani da Steno. Likitan ya feɗe kan, ya ƙura wa haƙoran ido, sai ya ga ba su da maraba da wasu 'yan duwatsu masu kusurwa uku da ake tonowa a tsibirin Malta. Mutanen tsibirin sun ɗauka cewa duwatsun harsunan macizai ne da Manzo Bulus ya mayar dutse, har ma ana sayar da su a matsayin makarin dafi. Steno ya ce haƙoran shak ne da suka rayu a zamanin da ruwan teku ya rufe wurin.

Bai tsaya nan ba. A shekarar 1669 ya fitar da wani ɗan littafi inda ya bayyana cewa duwatsun da laka da yashi suka haifar suna kwanciya ne shimfiɗa bisa shimfiɗa, kuma ta ƙasa ta girmi ta sama, kamar yadda tubalin gindin gini ya riga na kai hawa. A kan wannan ƙa'ida ilimin tarihin duwatsu ya tsaya har yau. Shi kuwa Steno, daga baya ya ajiye wuƙar fiɗa, ya zama limamin ɗarikar Katolika a 1675, ya zama bishof a 1677. A shekarar 1988 Fafaroma John Paul na Biyu ya ɗaga shi zuwa matsayin "mai albarka", wato matakin da ke gab da na waliyyai a ɗarikarsu.

Wanda ya saba jin cewa coci da kimiyya hannun riga ne a kan batun burbushin halittu, wato ƙasusuwa da bawo da sawun halittun da suka zama dutse, zai yi mamakin wannan labari. Amma labarin ba baƙo ba ne a tarihin wannan fanni. Da yawa daga waɗanda suka fara tono shaidar daɗewar duniya limaman Kirista ne, kuma sun gama wannan aiki kafin Darwin ya buɗe baki. Saɓanin da ke tsakanin Kiristoci a yau ya fi shafar yadda za a karanta surorin farko na Littafi Mai Tsarki, da kuma matsayin Adamu a cikin aƙidarsu, fiye da yadda ya shafi ƙasusuwan kansu.

Kwana shida

Littafin Farawa, wanda da shi Littafi Mai Tsarki ya buɗe, ya kawo halittar sama da ƙasa cikin kwana shida. A sura ta 5 da ta 11 kuma ya jero zuriyar Adamu, tare da shekarun kowane uba lokacin da ya haifi ɗansa. Mai haƙurin lissafi zai iya tara waɗannan shekaru ya gano ranar da aka fara. Haka James Ussher, babban bishof na Armagh a ƙasar Ailan, ya yi a shekarar 1650, inda ya fitar da cewa an halicci duniya a watan Oktoba na shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana yawan yi wa Ussher dariya a yau, alhali malami ne na gaske wanda ya auna tarihin Ibraniyawa da na Babila da Farisa da Rum kafin ya yanke hukunci. Abin da ya ba lissafinsa ƙarfi shi ne tun daga 1701 aka riƙa buga shi a gefen shafukan Littafi Mai Tsarki na Turanci, har talaka mai karatu ya ɗauka shi ma wahayi ne.

Sai dai karanta kwanakin a matsayin kwanaki masu sa'a 24 bai taɓa zama ra'ayin kowa ba. Agustin, bishof na garin Hippo, wanda yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya lura tun farkon ƙarni na 5 cewa nassin ya ambaci safiya da maraice tun daga rana ta farko, amma ba a halicci ita kanta ranar da ke fitowa tana faɗuwa ba sai a kwana na huɗu. Don haka ya karkata ga cewa Allah ya halicci komai a lokaci guda, ya kuma dasa wa halitta wasu ƙwayoyin iri da za su bayyana idan lokacinsu ya yi. Ya kuma gargaɗi 'yan'uwansa cewa idan Kirista ya yi shirme a kan taurari ko dabbobi a gaban wanda ya san su, ya kuma jingina shirmen ga nassi, to ya jawo wa nassin raini ne. Agustin bai san juyin halitta ba, kuma shi ma ya ɗauka shekarun duniya 'yan dubbai ne. Amma ƙofar da ya buɗe ita ce waɗanda suka zo bayansa da shekaru fiye da dubu suka bi.

Shaidun ruwan ɗufana

Da aka yarda cewa burbushin nan ragowar halittu ne na gaske, amsar da ta fi kusa da hannu ita ce ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. In ba shi ba, me ya kai bawon katantanwar teku ƙololuwar dutse? A shekarar 1726 wani likita ɗan Suwizalan, Johann Scheuchzer, ya sanar da cewa ya samo ƙwarangwal ɗin ɗaya daga mutanen da suka halaka a ruwan, ya raɗa masa suna da Latin mai ma'anar "mutumin da ya shaida ambaliya". Shekaru 85 bayan haka, masanin ƙirar dabbobi na Faransa, Georges Cuvier, ya sa ƙurfi ya sassaƙe dutsen da ya rufe gefen ƙwarangwal ɗin, sai ga gajerun ƙafafun gaba sun bayyana. Ashe ƙatuwar salamanda ce, wata dabba dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare. Cuvier, wanda shi ma Kirista ne mai bin ɗarikar Luta, shi ne ya tabbatar tun 1796 cewa akwai dabbobin da suka ƙare ƙaf daga doron ƙasa, maganar da ta yi wa wasu masu ibada nauyi, domin suna ganin Mahalicci ba zai bar abin da ya yi ya ɓace ba.

Labarin William Buckland ya fi kowanne nuna yadda abin ya gudana. Limamin cocin Ingila ne, kuma malamin ilimin duwatsu a jami'ar Oksfod. A shekarar 1821 ma'aikatan fasa dutse suka tarar da wani kogo a Kirkdale, a arewacin Ingila, maƙil da ƙasusuwan giwa da karkanda da dorina da kuraye. Kowa ya zaci ambaliya ce ta kwaso su daga ƙasashe masu zafi ta zuba a nan. Buckland ya duba, ya ga ƙasusuwan a farfashe suke, da alamun haƙora a jikinsu, ga kuma busasshen kashi cike da gutsattsarin ƙashi. Sai ya nemi wata kura mai rai da masu wasa da dabbobi ke yawo da ita, ya jefa mata ƙasusuwan sa, ya kwatanta abin da ta bari da na kogon, ya tarar iri ɗaya ne. Wato kogon ramin kuraye ne da suka zauna a Ingila tsawon zamani suna jawo mushe ciki. Duk da haka ya riƙe cewa siririyar lakar da ta rufe ƙasusuwan ita ce alamar ruwan Nuhu, ya kuma rubuta littafi a kan haka a 1823. A shekarar da ta biyo, shi ne ya fara ba wa ɗaya daga manyan dabbobin nan da ake kira dainaso suna a kimiyyance, wato Megalosaurus. Kafin 1836 ya janye maganar ambaliya, daga baya kuma ya amince cewa tsakuwa da lakar da ya jingina ga ruwan ɗufana aikin ƙanƙara ce da ta taɓa lulluɓe arewacin Turai. Wannan bai hana shi zama shugaban limaman majami'ar Westminster a 1845 ba.

Takwaransa na Kambirij, Adam Sedgwick, shi ma limami, ya miƙe a gaban ƙungiyar masana duwatsu ta Landan a 1831 ya bayyana a fili cewa ya yi kuskure da ya danganta waɗancan tarin tsakuwa ga ambaliya guda. A bazarar wannan shekara ya ɗauki wani ɗalibi da ke shirin zama limami zuwa yankin Wales don ya koya masa karatun duwatsu. Sunan ɗalibin Charles Darwin.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, mafi yawan Kiristoci masu ilimi a Biritaniya sun karɓi cewa duniya ta tsufa ƙwarai. Wasu, bin Thomas Chalmers na Sukotlan, suka ce akwai zamani mai tsawo da nassi bai faɗi adadinsa ba tsakanin aya ta farko da ta biyu, kuma a cikinsa dabbobin burbushi suka rayu suka ƙare. Wasu, irin su Hugh Miller, magini da ya koyi duwatsu a wurin fasa su, suka ce kowane "kwana" zamani ne mai tsawo. Mutum ɗaya ya bi wata hanya ta daban. Philip Gosse, masanin halittun ruwa, ya ce a 1857 tunda an halicci Adamu da cibiya alhali ba a haife shi ba, to haka aka halicci duwatsu da burbushi a cikinsu na dabbobin da ba su taɓa rayuwa ba. Hujja ce da babu gwajin da zai iya rushe ta, amma ba ta sami kasuwa ba. Abokinsa, limami Charles Kingsley, ya amsa masa cewa ba zai iya yarda Allah ya rubuta ƙarya a jikin duwatsu ba.

Bayan 1859

Littafin Darwin a kan asalin jinsunan halittu ya fito a watan Nuwamba na 1859. Tsufan duniya ba shi ne sabon abu a cikinsa ba. Sabon shi ne cewa jinsuna suna fitowa daga junansu, kuma abin da ke tuƙa wannan sauyi shi ne zaɓin yanayi: 'ya'ya sun bambanta da juna, ba duka ke tsira ba, kuma waɗanda siffarsu ta fi dacewa da muhalli su ke barin zuriya. Shekaru biyu bayan haka aka tono Archaeopteryx a Jamus, halitta mai fukafukai da gashin tsuntsu, amma da dogon ƙashin wutsiya da farata a fiffike irin na dabbobi masu jan ciki.

Ana yawan ba da labarin muhawarar Oksfod ta 1860 tsakanin Bishof Wilberforce da Thomas Huxley kamar ita ce dukan tarihin. Alhali martanin Kiristoci ya rabu tun ranar farko. Sedgwick ya rubuta wa tsohon ɗalibinsa cewa littafin ya ba shi baƙin ciki fiye da daɗi. Charles Hodge na makarantar tauhidin Princeton ya yanke hukunci a 1874 cewa ra'in Darwin mulhidanci ne, domin a ganinsa ya kore nufi da tsari daga halitta. Amma babban mai kare Darwin a Amurka shi ne Asa Gray, masanin tsirrai na Harvard kuma mai riƙo da addini, wanda ya ce zaɓin yanayi hanya ce da Mahalicci ke aiki da ita. B. B. Warfield, wanda ya shahara wajen kare aƙidar cewa babu kuskure a Littafi Mai Tsarki, bai ga abin da zai hana Allah ya yi amfani da juyin halitta ba. Frederick Temple ya karɓi ra'in a laccocinsa na 1884, kuma bayan shekaru 12 ya zama babban bishof na Kantabari. Da Darwin ya rasu a 1882, a cikin majami'ar Westminster aka binne shi.

Yadda ambaliya ta dawo

A Amurka ne rikicin ya yi tsami, kuma ba a kan ƙasusuwa ya fara ba. Wasu sun ɗauki ra'in Darwin sun mayar da shi hujjar fifita wani launin fata a kan wani. A 1906 an saka wani mutumin Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan dabbobin Bronx a New York don 'yan kallo, kuma limaman baƙaƙen fata ne suka tashi tsaye har aka fitar da shi. Littafin da ake koyar da ilimin halittu da shi a jihar Tennessee ya jera jinsunan mutane hawa-hawa, ya ɗora Turawa a sama. Saboda haka tsoron da William Jennings Bryan ya ji, cewa koyarwar za ta halatta wa mai ƙarfi danne mai rauni, ba tsoron banza ba ne, ko da yake laifin na masu fassara ne. Shi ne ya tsaya wa gwamnati a shari'ar garin Dayton ta 1925, inda aka ci malamin makaranta John Scopes tarar dala 100 don ya koyar da juyin halittar ɗan'adam. Abin da ake mantawa shi ne, da lauya Clarence Darrow ya titsiye Bryan da tambayoyi, ya amsa cewa kwanakin halitta suna iya zama zamuna masu tsawo. Jagoran masu adawa da Darwin a wancan lokaci bai yarda da duniya mai shekara 6,000 ba.

Wanda ya farfaɗo da wannan ra'ayi shi ne George McCready Price, mabiyin ɗarikar Adbentis masu kiyaye Asabar, wanda ya rubuta a 1923 cewa ambaliya guda ce ta shimfiɗa kusan dukan duwatsun da ke ɗauke da burbushi. Shekaru da dama maganarsa ba ta wuce 'yan tsiraru ba, sai a 1961 da malamin tauhidi John Whitcomb da injiniyan ruwa Henry Morris suka sake mata riga a littafinsu, The Genesis Flood. Daga nan ta bazu a majami'un bishara na Amurka, ta kuma bi mishanoni da littattafai da rediyo zuwa wasu nahiyoyi. A jihar Kentucky, ƙungiyar Ken Ham ta buɗe gidan tarihin halitta a 2007, inda ake nuna mutum-mutumin yara kusa da dainaso, sannan a 2016 ta buɗe kwaikwayon jirgin Nuhu mai tsawon kimanin mita 155.

Masu wannan ra'ayi ba su musun cewa burbushi jere yake hawa-hawa. Bayaninsu shi ne ruwa ne ya tace shi: halittun gindin teku suka fara binnuwa, masu nauyi suka nutse da wuri, masu gudu da wayo suka hau tudu sai a ƙarshe ruwa ya cim musu. To, amma tsirrai masu fure ba sa gudu, kuma ko ƙurar furensu, wadda iska ke kaiwa ko'ina, ba a samunta a shimfiɗun ƙasa-ƙasa. Dabbar wel da manyan masu jan ciki na teku wuri ɗaya suke iyo, amma ba a taɓa samunsu a shimfiɗa ɗaya ba. A tsakiyar duwatsun da aka ce shekara guda ta ruwa ta tara, akwai sheƙunan dainaso da ƙwai a ciki, da sawun ƙafa, da tsagewar laka irin wadda rana ke yi wa fadama da rani. Sannan ga agogon sinadarai. Yuraniyom, irin wanda aka san Arlit da shi, yana rikiɗa zuwa dalma da wani ƙayyadadden sauri, ta yadda rabin nau'insa mafi yawa kan juye cikin shekaru miliyan 4,470. Da irin wannan awo Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya a 1956: miliyan 4,550.

Hujja mafi ƙarfi ita ce wadda aka yi hasashenta kafin a gan ta. Neil Shubin da abokan aikinsa sun lissafa cewa idan dabbobi masu ƙafa huɗu daga kifi suka fito, to ya kamata a sami na tsakani a duwatsun tsoffin koguna masu shekaru kusan miliyan 375. Suka duba taswira, suka nufi tsibirin Ellesmere a arewacin Kanada, kuma a 2004 suka tono Tiktaalik, kifi mai ɓawo, amma da wuya, da ƙasusuwan kafaɗa da gwiwar hannu a cikin fiffikensa.

Wani lokaci Kiristoci ne da kansu ke warware hujjojin 'yan'uwansu. Sawun da aka daɗe ana cewa na mutum ne kusa da na dainaso a kogin Paluxy na Texas, manyan masu ra'ayin ambaliya sun janye daga kafa hujja da shi a 1986. A 2005 kuma Mary Schweitzer ta sami ragowar nama mai laushi a cikin ƙashin cinyar wani dainaso, aka yi ta yayata cewa wannan ya nuna ƙashin bai daɗe ba. Ita kuwa, Kirista ce mai riƙo da addini wadda ta taɓa bin wancan ra'ayi ta bar shi, kuma ta yi ta nanata cewa ana murɗa aikinta. A shari'ar Dover ta 2005, wadda ta haramta koyar da ra'in "tsarin mai hikima" a ajin kimiyya na makarantun gwamnati na wannan gunduma, babban shaidan kimiyya na kowane ɓangare, Kenneth Miller da Michael Behe, duk 'yan Katolika ne, alƙalin kuma ɗan ɗarikar Luta. Duk da haka jama'a ba su bar ra'ayin ba. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta 2024, kashi 37 cikin 100 na Amurkawa sun ce Allah ya halicci mutum a siffarsa ta yanzu cikin shekaru 10,000 da suka wuce, kashi 34 kuma suka ce juyin halitta ne bisa jagorancin Allah.

Fadan da ke kan raƙumi

Ɗarikar Katolika ta bi abin a hankali. Ba ta taɓa saka littafin Darwin a jerin littattafan da ta haramta ba, amma ta takura wa wasu limamanta. Pierre Teilhard de Chardin, wanda ya yi aiki a kogon Zhoukoudian na ƙasar Sin inda aka tono ƙoƙon kan "mutumin Pekin" a 1929, an hana shi buga littattafansa na tauhidi har ya rasu a 1955. Wani limamin Faransa, Albert-Félix de Lapparent, ya yi tafiye-tafiye tara cikin Sahara tsakanin 1946 da 1959, sau da yawa a kan raƙumi, yana tsintar ƙasusuwan dainaso, ciki har da na yankin Ingal a Nijar. Daga abin da ya tattara aka fara sanin ƙaton kadan nan Sarcosuchus, mai tsawon kusan mita 10, wanda aka samo ƙoƙon kansa a Gadufawa.

A 1950 Fafaroma Pius na 12 ya shata iyaka. Ya ce ba a hana bincike a kan fitowar jikin mutum daga wata halitta mai rai da ta gabace shi ba, amma ruhi Allah ne ke halittarsa kai tsaye. A watan Oktoba na 1996 John Paul na Biyu ya gaya wa majalisar kimiyya ta fadarsa cewa sabon ilimi ya nuna juyin halitta ya wuce matsayin zato kawai. Marigayi Fafaroma Francis ya ƙara a 2014 cewa bai kamata a ɗauki Mahalicci kamar mai dabo da sandar tsafi ba. Manyan majami'un Furotesta na Turai sun tsaya kusa da nan. Daga cikin masu bishara ma akwai irin su Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta dukan ƙwayoyin gadon ɗan'adam, ya kuma kafa ƙungiyar BioLogos a 2007 don ya nuna wa 'yan'uwansa cewa imani da juyin halitta na iya zama a zuciya ɗaya.

Adamu da mutuwa

To, ina gizo ke saƙa? A wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 5, Manzo Bulus ya koyar da cewa zunubi ya shigo duniya ta mutum guda, mutuwa ta biyo zunubi, ceto kuma ya zo ta mutum guda, wato Almasihu. Ga Kiristan da ya fahimci wannan da cewa babu wata mutuwa, ko ta dabba, kafin laifin Adamu, kowane burbushi ƙalubale ne, domin burbushi gawa ce. Kurayen Kirkdale sun tauna ƙashi, an kuma sami ƙasusuwan dainaso masu ƙari da karaya da tabon cizo. Idan duk wannan ya faru miliyoyin shekaru kafin mutum, to ba laifin mutum ne ya kawo shi ba. Wannan ne ya sa masu ra'ayin duniya sabuwa ba sa sassauci: a ganinsu idan aka zare tubalin Adamu, ginin ceto zai rushe. Sauran Kiristoci suna amsawa da cewa Bulus mutuwar ɗan'adam yake nufi, ko kuwa rabuwar ruhi da Mahaliccinsa. Amma su ma an bar su da tambaya mai nauyi, ta dalilin da ya sa Ubangiji mai jinƙai zai yi halitta ta hanyar da ke cike da farauta da ciwo da ƙarewar jinsuna.

Ƙasusuwan da suka fi tayar da wannan magana a Afirka suke. An tono Lucy a Hadar ta ƙasar Habasha a 1974, mai shekaru miliyan 3.2, tana tafiya da ƙafa biyu amma ƙwaƙwalwar jinsinta ba ta fi ta biri da yawa ba. A 1984 Kamoya Kimeu ya gano ƙwarangwal ɗin yaron Turkana a Kenya, mai shekaru kusan miliyan 1.5, wanda daga wuya zuwa ƙasa kusan mutum ne sak. A 2001 Ahounta Djimdoumalbaye ya tsinci ƙoƙon kan Tumai a hamadar Jurab ta Chadi, mai shekaru kusan miliyan 7. Louis Leakey, wanda ya karkato da hankalin duniya zuwa gabashin Afirka a wannan nema, ɗan mishan ne da aka haifa a Kabete. A ƙasar tasa kuma, a 2006, Bishof Boniface Adoyo, shugaban haɗakar majami'un bishara, ya nemi gidan tarihin Nairobi ya mayar da waɗannan ƙasusuwa ɗakin baya, yana cewa shi bai fito daga yaron Turkana ba. Hukumar gidan ba ta biya masa buƙata ba.

Ilimin ƙwayoyin gado ya ƙara wa lamarin nauyi, domin yawan bambancin da ke tsakanin mutanen yau yana nuni da cewa kakanninsu, a cikin 'yan dubban ɗaruruwan shekarun da suka wuce, dubbai ne, ba mutum biyu ba. Pius na 12 ya hango wannan tun 1950, inda ya ce bai ga yadda za a daidaita fitowar mutane daga kakanni masu yawa da aƙidar zunubin asali ba. Tun daga nan malamai suke ta gwada mafita. Wasu sun ce Adamu misali ne na dukan bil'adama. Wasu sun ce mutum ne na gaske da Allah ya zaɓa daga cikin jama'ar da ke raye, ya naɗa shi wakilinsu. Maganar ba ta tsaya a takarda ba: a 2010 Bruce Waltke, dattijon malamin Tsohon Alkawari, ya bar kujerarsa a wata makarantar tauhidi ta Florida bayan ya faɗa a faifan bidiyo cewa majami'ar da ta rufe ido ga hujjoji masu rinjaye za ta mayar da kanta ƙungiyar 'yan ware. A 2021 kuma William Lane Craig, ɗaya daga fitattun masu kare addinin Kirista a fagen muhawara, ya fitar da littafi inda ya riƙe cewa Adamu da Hawwa'u mutane ne na tarihi, amma ya kai zamaninsu baya zuwa tsakanin shekaru 750,000 da miliyan 1, ya sanya su cikin jinsin Homo heidelbergensis, domin zuriyarsu ta haɗa har da mutanen Niyandatal na Turai. Masu ra'ayin kwana shida suka ce ya sayar da nassi, wasu masana kimiyya kuma suka ce ya kai Adamu can nesa ne inda awon ƙwayoyin gado ba zai iya ƙaryata shi ba.